John Goodricke: Kurman saurayin da ya gano sirrin tauraron Algol

A watannin sanyi, idan na taso daga aiki wajen ƙarfe takwas na dare, kuma Allah Ya sa gajimaren Manchester ya ɗan yi mana rangwame, akwai tauraron da nake ɗaga kai in nema kafin bas ta iso. Sunansa Algol. Bai kai Zara matar wata haske ba, kuma wanda bai san shi ba zai wuce bai kula ba. Ni ma ban san da shi ba sai da na karanta tarihin wani yaro kurma da ya yi karatu a Warrington, garin nan da jirgin ƙasa ke bi tsakanin Manchester da Liverpool, yau fiye da shekara 240.

Abin da ya sa labarin ya zauna mini a rai, ɗan yayata ne a gida. Sanƙarau ya kama shi yana shekara huɗu. Allah Ya tashi kafaɗarsa, amma jinsa ya tafi. Daga nan aka daina zancen makaranta. Ba mugunta ba ce, kowa na son sa, sai dai an ɗauka cewa kurma ba shi da rabo a aji. To ga tarihin wani kurma da aka kai aji, da abin da ya yi kafin ya rasu yana shekara 21.

Zazzaɓi da makarantar kurame

An haifi John Goodricke ranar 17 ga Satumba, 1764, a garin Groningen na ƙasar Holan, shekara goma ke nan bayan haihuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Mahaifinsa Henry Baturen Ingila ne, wanda daga baya ya zama ɗan majalisa. Kakansa, Sir John Goodricke, ya yi jakadancin Birtaniya a Suwidin, kuma shi ke da katafaren gidan nan na Ribston Hall a lardin Yorkshire. Wato dai gidan sarauta da dukiya ne.

Tun yana ƙarami wani zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da shi, ya tashi ba ya ji. A wancan zamani babu allurar rigakafi irin tamu, babu maganin kashe ƙwayoyin cuta, babu na'urar da ake saƙala wa yaro a kunne. Yawancin yaran da suka kurmance kafin bakinsu ya buɗe sosai haka suke girma ba karatu ba rubutu, mutane na yi musu kallon marasa wayo.

Iyayensa suka tura shi Edinburgh yana kimanin shekara takwas, makarantar wani malami mai suna Thomas Braidwood. Ita ce makarantar kurame ta farko a Birtaniya, an fara ta a 1760 da ɗalibi ɗaya tak. Braidwood yana koya wa yara karatu da rubutu da lissafi, da fahimtar magana ta kallon leɓe, da furta kalmomi gwargwadon iyawa, yana haɗawa da alamun hannu. Samuel Johnson, mashahurin mai ƙamus ɗin Turanci, ya ziyarci makarantar a 1773, kuma yadda yaran ke lissafi ya burge shi ƙwarai. Sai dai kuɗin makarantar ba na talaka ba ne. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Warrington

A 1778, yana shekara goma sha huɗu ko ƙasa da haka kaɗan, aka kai shi Kwalejin Warrington. Wannan makarantar masu ji ce, ba a yi ta don kurame ba. Kiristocin da ba sa bin Cocin Ingila ne suka kafa ta a 1757, saboda a lokacin jami'o'in Oxford da Cambridge ba sa ba su digiri. Tunda ba su da takunkumin tsofaffin jami'o'i, sai suka ba lissafi da kimiyya muhimmanci. Joseph Priestley, wanda ake dangantawa da gano iskar oksijin, ya koyar a can daga 1761 zuwa 1767, kafin daga bisani ya zauna a Birmingham a 1780 ya shiga ƙungiyar nan ta Lunar Society, su Matthew Boulton da James Watt, masu haɗuwa a daren da wata ya cika don su samu hasken komawa gida.

Ku yi tunanin yaro a aji, malami na bayani, shi kuwa sai abin da idonsa ya kama a leɓen malam da abin da aka rubuta. Duk da haka ya yi fice a lissafi. Littafin lissafinsa na Warrington yana nan har yau a ma'ajiyar tarihi ta birnin York, da zane-zanensa na sha'anin sararin sama a ciki. Shekara uku ya yi, ya koma wajen iyayensa a York a 1781.

Ita kuwa kwalejin ba ta daɗe ba bayan tafiyarsa. Da ta rufe, sai aka kafa magajiyarta a Manchester a 1786, kan titin Mosley, aka kwaso littattafanta zuwa can. A nan John Dalton ya koyar daga 1793. Bayan ƙaura da yawa ta zauna a Oxford, shi ya sa har yau akwai kwalejin da ake kira Harris Manchester a can.

Maƙwabci na gari

A York iyalin sun zauna a gidan da ake kira Treasurer's House, dab da babbar majami'ar garin. Ba nisa da su akwai gidan Nathaniel Pigott, mai sha'awar taurari wanda ya gina ɗakin duban sama a bayan gidansa da ke unguwar Bootham. Ɗansa Edward Pigott ya girmi John da shekara 11, kuma ya riga ya goge a harkar: tun a 1779 ya gano wani dusu-dusun haske a sama wanda yanzu ake kira M64. Edward ya ɗauki John kamar ƙane. Tunda hira da baki tana da wuya, sukan aika wa juna 'yan takardu, kowa kuma yana da littafin da yake rubuta abin da ya gani kowane dare.

Shekarar ta zo da zafinta. A watan Maris na 1781 William Herschel ya hango wani abu daga garin Bath wanda aka fara zaton tauraro mai wutsiya ne, ashe duniyar Yuranus ce. John ya buɗe littafinsa a Nuwamban shekarar. Amma Edward ya ja hankalinsa zuwa wani fanni da kusan babu mai kula da shi, wato taurarin da haskensu ke ƙaruwa yana raguwa. Waɗanda aka sani a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba, kuma masu jinkiri ne, irin Mira da ke ɗaukar kusan wata goma sha ɗaya kafin ya dawo yadda yake. Aikin ba ya buƙatar babban madubin hangen nesa. Ido yake so, da haƙuri, da agogo, da gaskiya wajen rubutu. Za ka dubi tauraro, ka gwada shi da maƙwabtansa, ka rubuta ko ya fi wannan haske ko bai kai wancan ba, gobe ka sake.

Gungun Perseus da abin da ke cikinsa

Kafin mu kai daren da ya sauya rayuwarsa, bari mu san unguwar da Algol yake. Masana sun raba sama gida 88, kowane gida da sunansa. Algol yana cikin gungun Perseus, sunan wani jarumi a tatsuniyoyin Girkawa da ya sare kan wata dodanniya mai gashin macizai, yake tafe da shi a hannu. Algol shi ne wannan kai. Da malaman Musulmi suka fassara littattafan Girkawa, sai suka kira tauraron Ra'asul Ghul, kan dodo ke nan, ko kan aljanin nan mai halaka matafiya. Daga nan Turawa suka gutsuro sunan Algol. Abdurrahman al-Sufi, malamin Farisa da ya rubuta littafin taurari a wajen shekarar 964, ya zana gungun ya lissafa taurarinsa.

Mu Hausawa muna da hanyar shiga mai sauƙi, ita ce Kaza da 'ya'yanta, wadda malamai ke kira Surayya. Larabawan dā sun ɗauki Surayya a matsayin mace mai miƙe da hannuwa biyu, kuma ɗaya hannun ya ratsa ta cikin Perseus. Shi ya sa tauraron da ya fi haske a gungun ake kiransa Mirfak, wato gwiwar hannun Surayya. Haskensa na yin tafiyar shekara 500 da 'yan kai kafin ya iso idonmu, kuma idan ka dube shi da tabarau mai hangen nesa za ka ga taurari sun kewaye shi kamar an watsa gero.

Idan ka ci gaba da bin hannun zuwa arewa, kafin ka kai taurari biyar ɗin nan masu siffar harafin W da ake kira Cassiopeia, za ka ga wani ɗan dusu-dusu. Larabawa sun ce wuyan hannun Surayya ne. A madubi sai ya rabu gida biyu, dunƙule biyu na ɗaruruwan taurari gefe da gefe, masu nisan tafiyar haske ta shekara wajen 7,500. Tun kafin haihuwar Annabi Isa masana Girka sun rubuta shi. Kusa da Algol kuma akwai wani dunƙulen, M34, mai nisan shekara wajen 1,500, wanda ake iya gani da ƙaramin tabarau. Sannan daga wajen wannan gungu ne ruwan taurari masu gudu ke ɓullowa duk shekara a daren 12 zuwa 13 ga Agusta, lokacin da duniyarmu ke ratsa ƙurar da tauraro mai wutsiya Swift-Tuttle ya bari a hanyarsa.

Shi kansa Algol maƙwabci ne idan aka gwada da waɗannan, tafiyar haske ta shekara wajen 90 ce tsakaninmu. Wani Ba'italiye, Geminiano Montanari, ya lura tun wajen 1667 cewa yakan dushe wani lokaci. Amma fiye da shekara ɗari babu wanda ya san yaushe yake dushewa, ko me ya sa.

Daren 12 ga Nuwamba, 1782

A wannan dare John, yana shekara 18, ya dubi Algol kamar yadda ya saba, sai ya ga ya disashe sosai, alhali kwanaki kaɗan da suka wuce yana nan garau. Ya tsaya yana kallo. Cikin kamar awa ɗaya ya ga hasken ya fara dawowa a gaban idonsa. Abin ya ba shi mamaki har ya yi zargin ko idonsa ne, ko kuwa hazo ne. Ya rubuta, ya ci gaba da sa ido.

Sai ranar 28 ga Disamba abin ya sake faruwa a gabansa, wannan karon shi da Edward duka suka gani. Daga nan suka duƙufa, duk daren da sama ta washe suna waje, cikin sanyin Yorkshire wanda duk wanda ya yi hunturu ɗaya a arewacin Ingila ya san ba wasa ba ne.

A nan lissafin Warrington ya yi rana. Ba kowace dushewa ake gani ba: wata takan faɗo da rana, wata gajimare ya rufe ta. Abin da ke hannunsa 'yan ranaku ne a warwatse. Sai ya nemi adadi ɗaya da zai raba duk tazarar da ke tsakaninsu ba saura. Misali daga 12 ga Nuwamba zuwa 28 ga Disamba kwana 46 ne. Idan tauraron na dushewa duk bayan kwana uku ba kaɗan, to sau 16 ke nan ya zagayo a tsakani, an ga biyu, sauran sun wuce ba a gani ba. Da ya tara isassun darare, ya fitar da cewa Algol na dushewa duk kwana 2 da awa 20 da minti 45. Daga baya ya koma ga wani tsohon rubutu na John Flamsteed na shekarar 1696, ya gyara lissafin zuwa kwana 2 da awa 20 da minti 49. Tsakanin wannan da abin da na'urorin yau suka auna, daƙiƙoƙi ne kawai.

Ya aika da sakamakon zuwa Royal Society, babbar ƙungiyar masana kimiyya da ke Landan, aka karanta takardarsa a watan Mayun 1783. A ƙarshen takardar ya kawo dalilai biyu da za su iya jawo abin. Ko dai akwai wani babban abu mai duhu da ke kewaya tauraron yana gilmawa ta gabansa, kamar yadda wata ke shiga tsakaninmu da rana a yi husufi, ko kuma tauraron na da tabo a jikinsa da ke juyowa wajenmu. Wasu masu tarihi na ganin Edward ne ya fara kawo shawarar husufin, amma ya bar wa ƙanen nasa sunan. Ko ma yaya ne, abota ce da ba a cika samun irinta ba, domin duk da ya girme shi bai yi masa hassada ba.

Manyan masana, har da Herschel, suka duba da idonsu suka tabbatar da lokacin. A shekarar aka ba John lambar yabo ta Copley, wadda ita ce mafi girma a ƙungiyar, bai wuce shekara 19 ba. Herschel ya karɓe ta shekara biyu kafin shi. Charles Darwin da Albert Einstein sun karɓe ta daga baya.

Batun husufi kuwa bai samu karɓuwa ba, har shi John ɗin ya fi karkata ga zancen tabo daga bisani. Sai a 1889, shekara 103 bayan rasuwarsa, Hermann Vogel na Potsdam a Jamus ya tsaga hasken Algol da na'ura, ya nuna cewa tauraron na matsowa yana ja da baya daidai da lokacin dushewarsa, alamar yana kewaya wani abu. Yau an san taurari biyu ne ke zagaya juna kurkusa, ɗaya mai zafi da haske, ɗaya ya fi shi faɗi amma bai kai shi haske ba. Idan mai rauni ya gilma ta gaban mai ƙarfi, hasken da ke iso mana yakan ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin uku, kuma daga fara dushewa zuwa dawowa awa goma ne. Akwai ma na uku a can gefe, mai zagaya su duk kwana 680. Tunanin farko na saurayin shi ne daidai.

Shekarar 1784

A watan Yulin 1784 mahaifinsa ya rasu. Wata biyu bayan haka, daren 10 ga Satumba, abokan biyu suka yi abin da ba a taɓa yi ba: Edward ya gano cewa wani tauraro a gungun Aquila yana sauya haske, John kuma a wannan daren ya gano na Beta Lyrae, kusa da Vega mai haske. A watan Oktoba John ya ƙara da Delta Cephei, ya auna cewa yana zagayowa duk kwana 5 da awa 8 da 'yan mintoci. Ya lura kuma cewa salon wannan daban ne, yakan yi haske da sauri sannan ya dushe a hankali.

Bai san abin da ya tono ba. Delta Cephei ba husufi yake yi ba, kumbura yake yana saɓewa kamar ƙirjin mai numfashi, kuma akwai dubbai irinsa. A 1912 wata mata a jami'ar Harvard ta Amurka, Henrietta Leavitt, ta nazarci 25 daga cikinsu ta gano ƙa'ida: duk wanda ya fi jinkirin zagayowa, ya fi haske na haƙiƙa. Kun ga ke nan idan ka auna kwanakinsa ka san ainihin ƙarfinsa, idan kuma ka gwada da yadda ya dushe a idonka, ka san nisansa, kamar yadda mai tafiyar dare ke ƙiyasta nisan gari daga hasken fitilarsa. Ita ma Henrietta jinta ya tafi bayan rashin lafiya.

Da wannan ma'auni Edwin Hubble ya yi aiki a 1923, lokacin da ya samu irin wannan tauraro a cikin dusu-dusun Andromeda, maƙwabcin Perseus, wanda al-Sufi ya bayyana a matsayin ɗan gajimare tun ƙarni na goma. Lissafi ya nuna ba ya cikin tarin taurarinmu sam, wani tari ne mai zaman kansa, wanda yanzu aka auna nisansa da tafiyar haske ta shekara miliyan biyu da rabi. A 1950 kuma masana Jami'ar Manchester biyu, Robert Hanbury Brown da Cyril Hazard, suka kama siginar rediyo daga Andromeda a Jodrell Bank, nan kusa da mu a Cheshire. Igiyar da ta faro daga tagar wani kurma a York ta biyo har ƙofar gidanmu.

Rasuwa

A watan Afrilun 1786 aka zaɓe shi ɗan ƙungiyar Royal Society. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 20 ga Afrilu, ya rasu a York yana shekara 21. An daɗe ana danganta ajalinsa da ciwon huhu da ya same shi sanadin tsayuwar dare cikin sanyi. A matsayina na ma'aikaciyar jinya, abin da ke taɓa ni shi ne irin wannan ciwo yau sau da yawa maganin mako guda ke warkar da shi. An binne shi a maƙabartar danginsa a ƙauyen Hunsingore. Bai yi aure ba, bai bar baya ba. Duk aikinsa na shekara huɗu da rabi ne.

Yau akwai allon tunawa da shi a bangon Treasurer's House, Jami'ar York ta sa wa ɗaya daga kwalejojinta sunansa, akwai kuma wani dutsen sararin sama mai lamba 3116 da ake kira Goodricke.

Abin da ya rage gare mu

Na ce za mu dawo kan kuɗi. Gaskiya ita ce John ɗan masu hali ne, kuma a zamaninsa akwai dubban yara kurame a Birtaniya da ƙila sun kai shi kaifin ƙwaƙwalwa amma ba wanda ya kai su aji. 'Ya'yan talakawa sai da suka jira. A Birmingham an buɗe makarantar kurame a Edgbaston a 1814, jikan Braidwood ne shugabanta na farko, kuma har yau akwai makarantar kurame mai sunan Braidwood a birnin. A Manchester an kafa tasu a 1823, daga baya ta koma Old Trafford, unguwar da yawancinmu muka sani da ƙwallo kawai. A 1919 Jami'ar Manchester ta buɗe sashen horar da malaman kurame, da kuɗin da wani attajiri, Sir James Jones, ya bayar don tunawa da ɗansa kurma, Ellis.

Mu ma ba daga fanko za mu fara ba. Kuramen ƙasar Hausa suna da harshensu, maganar hannu, mai ƙa'idoji da kalmomi, wanda har an rubuta littafi a kansa bayan bincike a Kano. Akwai makarantar Tudun Maliki a Kano, akwai irinta a wasu jihohi. Tun Janairun 2019 Najeriya ke da dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman. Abin da ya fi ƙaranci shi ne iyayen da suka yarda cewa wannan yaro ma ɗalibi ne.

Ga 'yan'uwa da ke nan Ingila: ana gwada jin kowane jariri kyauta a makonnin farko. Idan aka ce ku dawo a sake gwaji, don Allah ku koma, kada kunya ko tsoron surutun mutane ya hana. Idan aka ba yaro na'urar kunne, a sa masa, har ranar suna da ranar Sallah. Ga na gida kuma: sanƙarau da ƙyanda da shawara mai tsanani ga jariri duk suna iya tafiya da ji. Biyun farko suna da rigakafi, ta ukun tana son asibiti da wuri. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi a gwada kunnensa cikin makonni kaɗan, kada a jira sai an ga ya daina amsa kira. Mu da ke aika kuɗi gida, idan muna lissafin kuɗin makarantar yara, mu tambaya ko akwai wanda aka tsallake. Ni sai da na yi wannan tambaya kafin ɗan yayata ya shiga aji, yana shekara tara. Yanzu shi ke rubuto mini saƙo a waya da hannunsa.

Wanda ke son ganin Algol kuwa, daga Nuwamba zuwa Fabrairu ne lokacinsa. Bayan sallar isha'i ka nemi Kaza da 'ya'yanta, ka miƙa hannu, ka auna dunƙulen hannu biyu zuwa wajen arewa, za ka iske shi. A Manchester da Birmingham ba ya faɗuwa ko kaɗan duk shekara, fitilun gari ne matsala, don haka fita wajen gari kamar tsaunukan Peak District ya fi. A Kano ko Katsina ko Maraɗi yana hawa sama sosai ta arewa, in dai ƙurar hunturu ta lafa. Ka gwada shi da Mirfak. Yawancin darare ya kusa kai shi haske. Ranar da ka ga ya koma baya sosai, to ka dace da husufin, ka duba agogo ka rubuta, ka ƙara kwana 2 da awa 21 ba kaɗan don sanin na gaba. In akwai yaro kurma a gidan, a fita da shi, wannan darasi ne da zai iya riga kowa ganewa.